Ranar da Aka Ƙidaya Tungan Dogo

Tungan Dogo,
4 ga Nuwamba, 1973.

Zuwa ga ƙanena Markus, a Kontagora.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Alheri da yara. Yaya ƙafar nan taka? Mu nan lafiya lau, sai girbin dawa da ya sa mu gaba.

Takardarka ta iso, na karanta ta, na sake karantawa don in tabbata kai ka rubuta. Wai ƙungiyarku ta 'yan Salka mazauna Kontagora ta yanke kowane ɗan Salka ya koma gida lokacin ƙidayar jama'a a ƙidaya shi a can, har kun ɗauki shatar mota za ta jira mu a Zungeru. Sannunku da ƙoƙari. Ni dai ba za ni ba.

Kana rarrafe aka kawo ni nan amarya, don haka bari in gaya maka abin da na tarar. Bukkoki ne 'yan kaɗan da tankin ruwa. Jirgin ƙasa mai aiki da gawayi ba ya iya kai Zungeru daga Mokwa sai ya sha ruwa a hanya, to nan yake sha, kuma marigayi mijina Andarawus ne ke tura ruwan daga rafi zuwa tanki. Malam Attahiru, limamin garin nan, ya zo daga Kontagora koya wa 'ya'yan leburori karatu, wai na shekara ɗaya. Yau ko baƙin gashi ɗaya babu a gemunsa. Sai Nufawa masu kifi, sai Gwari masu doya, sai mu Kambari, kowa ya zo sayar wa fasinja wani abu ya zauna. Ba wani sarki ya kafa garin nan ba, ƙishirwar jirgi ce ta tara mu.

To yanzu jirgi mai aiki da man dizal ya shigo, shi ba ya shan ruwa. Mai kula da tasha ya tara mu ya faɗa ƙiri-ƙiri cewa za a rufe ƙananan tashoshi, kuma yawan mutanen da ƙidaya ta nuna shi za a duba. Ka san ba mu da hanyar mota. Da damina in rafi ya cika, ko keke ba ya fita. In jirgi ya daina tsayawa, mun zama kaji a akurki.

Kowa ya ji wannan magana da kunnensa. Amma ka san abin da suke yi? Ɗaurin kaya. Irmiya mai kanti, dattijon cocinmu, shi ke bi gida-gida yana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, wai nan sansanin aiki ne, ba gari ba. Mutumin da ya zo daga Kaboji da wando ɗaya, a nan ya auri Rebeka, a nan aka binne cibiyar 'ya'yansa duka, kantin da yake taƙama da shi fasinjan jirgi ne suka gina masa. Na ce masa, Irmiya, wane gida kake nufi, wanda ko bukkar ubanka babu a cikinsa? Ya yi dariya ya ce mace ba ta gane lissafin gwamnati. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ban sake sayen gishiri a wurinsa ba.

Kada motarku ta jira ni. Ka gai da Alheri, ka ce na gode da zanen.

Ni ce yayarka,
Salome.

Tungan Dogo,
9 ga Disamba, 1973.

Ƙanena Markus,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da dawowa daga Salka. Na ji an yanka saniya an yi kiɗa. Madalla.

Ga namu labarin. Tun ana saura kwana biyu a fara ƙidaya gari ya fara tsiyaya. Jirgin yamma ya kwashi Nufawa, na safe ya kwashi sauran. Na tsaya da tiren ƙosai ina kallon mata da goyo, tsofaffi da sanda, ana tura juna ta taga, kai ka ce gobara suke gudu. Kowa ya bar mini amanar akuyarsa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan: sun yarda in zauna in ba dabbobinsu dusa, amma ni ce wawiyar da ba ta san gida ba.

Malaman ƙidaya biyu suka sauka da soja ɗaya. Suka bi gari, ƙofa bayan ƙofa a rufe da kwado. Ɗayansu, wani saurayi mai ladabi, ya tambaye ni ko annoba aka yi. Na ce a'a, hankali ne ya yi mana yawa. Aka tara mu gindin mangwaron tasha, aka shafa mana tawada a babban yatsa. Mu goma sha ɗaya, Markus, har da jaririn matar mai kula da tasha. Garin da ranar kasuwa ba ka samun wurin ajiye ƙafa.

Malam Attahiru ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a kamar mai tarbar baƙi. Ya yi ta yi wa malaman bayani gida-gida, wannan na wane ne, mutum kaza ke kwana ciki. Suka ce su wanda suka gani da ido shi suke rubutawa, kuma gaskiyarsu ce. Ni kuma na nuna musu bayan tanki, inda makabartarmu take daura da ta Musulmi, na ce ga Andarawus can da 'ya'yana biyu, su ba su je ko'ina ba, a sa su. Sojan ya yi dariya. Ni ba wasa nake ba.

Yanzu duk sun dawo, yatsunsu da tawadar wasu garuruwa. Irmiya yana ta ba da labarin yadda dagacin garinsu ya kama hannunsa a gaban jama'a. Rebeka kuwa ta faɗa mini a ɓoye cewa a rumfar kasuwa suka kwana, don 'yan uwan nasa ba su gane shi ba sai da ya ambaci sunan kakansa. Tir da wannan gida.

Na yi wanka ya fi a ƙirga, tawadar ba ta fita ba tukuna, kuma ba na so ta fita. A gaishe da yara.

Yayarka,
Salome.

Tungan Dogo,
21 ga Satumba, 1975.

Ƙanena Markus,

Ina gaishe ka, ina gai da mutanen gidanka duka. Ina fata damina ta yi muku kyau. Ka yi haƙuri da daɗewar da na yi ban rubuto ba. Yanzu takarda sai an sami mai tafiya da ƙafa zuwa tasha ta gaba, don ka riga ka ji cewa tun bara jirgi ya daina tsayawa a nan. Mai kula da tasha ya kwashe iyalinsa, awaki ke kwana a ofishinsa. Masu kifi sun tashi. Waɗanda suka rage kullum suna zaune suna zagin gwamnati, ba wanda ya taɓa duban yatsansa.

Irmiya ya rasu ran Alhamis ta makon jiya.

Da kanti ya mutu sai ya koma noma da tsufansa. Yana cire ciyawa a gonar gyaɗa kububuwa ta sare shi a hannu. Aka ɗaure, aka tsaga, aka yi na gargajiya, jini ya ƙi tsayawa. Allurar dafin maciji tana asibiti, rafi kuwa ya cika har ya shanye gadar itacen. Da can, jirgin rana zai ɗauke shi, kafin la'asar yana gaban likita. Sai muka ɗauko shi a kan ƙyauren ɗaki muka ajiye a dandamalin tasha, ko Allah zai sa. Da muka ji kukan jirgi, Rebeka ta cire ɗankwalinta tana kaɗawa tana kuka, mu ma muka ɗaga hannu. Ya wuce da gudunsa. Fasinjan da ke bakin taga suka ɗauka gaisuwa ce, suka yi ta ɗago mana hannu suna murmushi.

Ni na riƙe kansa a cinyata har rana ta yi sanyi. Shi ne ya buɗe ido ya dubi tankin, ya ce, Yaya Salome, ruwan nan na sha shekara arba'in. Bai ƙara wata magana ba. Na yi kuka, kuma ina kukan ina jin haushinsa, Allah Ya gafarta mini.

An aika Kaboji, har yau ba wanda ya zo ko gaisuwa. Almajiran Malam Attahiru na dā, manyan magidanta yanzu, su suka taya samarinmu haƙa kabari, don mazan cocin ba su kai su yi shi su kaɗai ba. Yana kwance kusa da Andarawus.

Sannan ga abin da ya ƙarasa ni. Mun ji a rediyo wai an soke ƙidayar gaba ɗaya, lissafin bai yi daidai ba. Saniyarku ta Salka ta mutu a banza ke nan. An soke ƙidaya, amma ba wanda ya ce jirgi ya dawo ya tsaya.

Ka ce in tattaro in dawo wurinka, akwai ɗaki. Na gode, na san don ƙauna ka faɗa. Amma jiya na je bayan tanki na ƙirga kaburbura, namu da na Musulmi, sun ninka mu da aka shafa wa tawada sau da yawa. Su ne mutanen Tungan Dogo da ba su yi musun garinsu ba, yanzu har da Irmiya a cikinsu. Roƙona ɗaya gare ka: in ka ji nawa ya zo, kada ƙungiyarku ta ɗauki shatar mota don gawata. A nan aka ƙidaya ni.

Ka gai da Alheri da yara. Ubangiji Ya tsare ku.

Ni ce yayarka,
Salome Andarawus.