Motar Ilu Tana Ɗigar Mai

Shahuci, Kano
Watan Janairu

Zuwa ga Yayata Adama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Bappa da yara duka. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Nan gida kowa ƙalau. Maiɗakina Bahijja tana gaishe ki, ta ce daddawar ta iso, Allah ya saka.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon waya, don in na kira ki ba kya bari in kai ƙarshen magana. Direban da ke kai mini kaya Gombe zai miƙa miki.

An yi sunan ɗan Ilu lafiya, an sa masa sunan Baba, Salihu. Ragon ƙarami ne, amma kin san ƙanin namu. Na aika a tambaye shi abin da ya rage, sai ya aiko da amsarsa ta kullum, wai alhamdu lillahi suna cikin rufin asiri. Mutumin da ke kwasar 'ya'yan mutane zuwa makaranta a motar da ta girmi matarsa. Ni da na bar sakandare a aji uku, na fara da tallan baƙin mai a kwalba a bakin titi, yau ga shagon mai ga wurin sabis, babu magidanci a unguwar nan da bai taɓa zama a bencina da buƙata ba. Ilu kaɗai ne bai taɓa buɗe baki ya ce Yaya taimake ni ba. Ko diflomarsa ce ke hana shi, ko don shi Baba ya bar wa motar, oho. Yaron da na goya a bayana.

To ranar sunan na yi abin da ba zai iya mayarwa ba. Bayan an shafa fatiha, mutane suna zaune a tabarmi, na sa aka sauke galan na man inji irin na zamani, wanda ake ce wa sintetik, irin wanda nake zuba wa tawa motar, da sabuwar filta. Na ce wannan gudummawata ce ga motar Baba. Kin san kyautar babban wa a gaban jama'a ba a ce mata a'a. Ya fara murmushin yaƙe wai ai bai daɗe da yin sabis ba, Kawu Ado ya daka masa tsawa, ya ce kai Ilu rufe mana baki ka yi godiya. Nan take ma'aikatana suka shiga ƙarƙashin motar, suka juye baƙin kunun nan da yake saya na awo a bakin hanya, suka zuba sabo. Da aka tayar da ita sai injin ya yi laushi, ƙarar nan ta keken ɗinki ta ragu, mutane suna ta sa mini albarka. Shi ma ya yi godiyar, amma ƙasa yake kallo.

Ki gaishe da Malam da kyau. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Alhaji Ashafa Salihu

Shahuci, Kano
Watan Fabrairu

Yaya Adama,

Sallama da gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Na ga amsarki, na kuma ji daɗin addu'ar da kika yi mini a kan kyautar.

Motar ta fara ɗiga. Kin san ta ƙofar gidansa nake bi in zan fita shago. Farko ɗigo ne kamar kwabo a inda take kwana, yanzu ya kai faɗin faifai. Kullum da safe matarsa Sa'ida takan fito da toka a tsohon kwano ta barbaɗa a wurin ta share, don kada a gani. Ni da na yi rayuwata a cikin mai, toka ce za ta ɓoye mini?

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Motar nan mitarta ta daina juyawa tun Baba na da rai, babu wanda ya san iyakar tafiyar da ta yi. Tsohon inji irin wannan ya saba da mai mai kauri, kuma dattin da ya taru shekara da shekaru shi ne ya toshe duk inda robobi suka cinye. Sabon man tsinkakke ne, kuma wanki yake yi. In ya wanke dattin, duk kafar da aka manta da ita sai ta buɗe. Ba laifin man ba ne, mai ne na gaske, ya ma fi kare inji. Abin da ake yi kawai, a sauya filta da wuri, a canza robobin da suka fara tsiyaya, musamman ta bayan inji. A wurina aikin yini ɗaya ne, kuma kyauta zan yi masa.

Na san da haka tun ranar sunan, kuma ban gaya masa ba. Daga gidansa zuwa shagona ko hawa mota ba a yi. In ya ga abin da bai gane ba, ya zo ya tambayi yayansa.

Amma kin san me ya yi? Shekaranjiya ya tare ni a lungu, ya gaishe ni, ya ce motar tana ta sambarka, man nan sai godiya. Yana faɗa yana tsaye a kan tokar, ya rufe ta da takalminsa. Na ce to madalla, na wuce. Yana ganin in ya ce kyautata ta jawo ɗiga kamar ya kushe ta ne. Kuma ba zai kai ta wurin wani bakanike ba, don duk makanikan yankin nan a wurina suke sayen mai, ya san kafin la'asar labari zai iso mini. Ya ƙulle kansa da kansa.

Ina jiransa. Ki gaishe da yara.

Naki,
Ashafa

Shahuci, Kano
Watan Afrilu

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata zafin nan bai takura muku ba, nan Kano sai haƙuri. Malam ya samu sauƙin murar?

Na tabbata labari ya riga takardar nan isowa, amma ki ji shi daga wanda ya san inji. Na san bayan takardata ta baya kin kira shi kin ce ya zo wurina. Ban ji daɗi ba, amma ke babba ce. To bai zo ba. Abin da ya yi, sai ya koma sayen man awo a kwalba yana ƙarawa a ɓoye kowace safiya. A ɗan zagayen makaranta, daga Gwale zuwa bakin ganuwa, dabarar ta riƙe shi. Da aka ba da hutu sai ya karɓi shatar wasu mata zuwa ta'aziyya Gwarzo, da tsakar rana, mota cike. Robar bayan injin ta ƙarasa buɗewa, man ya zube a hanya, fitilar da ke gargaɗin mai kuwa ta mutu tun zamanin Baba. Injin ya buga, ya kafe. Matan suka yini a gindin bishiya da mayafansu suna tsine masa, wata ta ce ko gawa ba za ta yarda a ɗauka a wannan akwalar ba. Da igiya aka jawo ta gida bayan wata motar itace. Ina zaune a bakin shago suka wuce, yana riƙe da sitiyarin motar da ba ta da rai. Bai juyo ba.

Kika ce mini a waya ban ji tsoron Allah ba, kika kashe kafin in amsa. To ga amsata. Na ba shi mai mafi kyau a kasuwa. Na bar ƙofata a buɗe. Wanda ya gwammace injinsa ya ƙone da ya ce wa yayansa don Allah duba mini, shi ya kashe motar Baba. Kin san wulaƙancin da na haɗiya kafin in kai nan? Na durƙusa wa mutanen da ba su kai ni ba, na wanke musu mota, na riƙe musu takalmi a ƙofar masallaci. Shi wane ne da gwiwarsa ta fi ƙarfin ƙasa?

Duk da haka ban yar da shi ba. Na sa an kawo mini inji ɗan Kwatano daidai motar, mai kyau, na ji ƙararsa da kunnena. Na ajiye shi a bakin ƙofar sito inda duk mai wucewa zai gani, kuma na san Kawu Ado ya gaya masa. Iyayen yaran da yake ɗauka sun ce masa in aka koma makaranta babu mota, za su ba wani mai adaidaita sahu aikin, kuma ba za su dawo ba. Wannan aikin shi ne tuwon gidansa, ba shi da wani. Hutun ya kusa ƙarewa.

Sharaɗina ɗaya ne. Ya zo shago da ƙafarsa, da rana, a kan ra'ayin kansa, ya roƙa. Kada ki sa baki, Yaya. Na gaya miki.

Ki huta lafiya.
Ashafa

Shahuci, Kano
Watan Mayu

Zuwa ga Yaya Adama,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fata kina lafiya ke da iyali. Kwana biyu ba kya ɗaukar wayata. Ba komai, takarda dai za ki karanta.

Ilu ya zo, ana gobe za a koma makaranta. Shagon cike yake da dillalai da direbobi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, hularsa a hannu, har wani direba ya ce Malam in mai za ka saya ka matso, in inuwa kake nema ga bishiya can. Sannan ya shigo ya tsuguna. Ya rame, Yaya, wuyansa duk ya fito. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta motsa.

Sai ya buɗe baki ya ce Yaya Adama ce ta ce in zo.

Na ce ban ji ba. Ya maimaita. Na ce to ita Yaya Adamar me take nema a wurina, ko injinta ne ya buga? Direbobi suka fashe da dariya. Sannan ya ce shi ne yake roƙo, in taimaka masa da injin don darajar iyayenmu da jaririn da ke ɗauke da sunan Baba. Na ce ya ɗaga murya, fanka tana ƙara. Ya ɗaga.

Daga nan na gaya masa gaskiya, injin ya tafi. Tun ana gobe zai zo, da dare, Bahijja ta gaya mini kin kira Sa'ida kuna ta kuka, kin rantse in bai zo ba ba za ki yafe masa ba. Da gari ya waye na kira wani ɗan Ƙofar Mata da ya daɗe yana nacin injin, na ce ya zo ya ɗauka. Na faɗa miki kada ki sa baki. Roƙon da aka turo mutum ya yi ba nasa ba ne, ni kuma ba na karɓar aro.

Ya kalli bakin siton, ya ga shatin mai a siminti inda injin ya zauna. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Ya yunƙura zai tashi, na ce ya zauna ban gama ba. Na ce ni ba na barin jinina da yunwa. Akwai gurbi a ramin sabis, inda ake tsayawa a ƙarƙashin mota a kwance noti a tari tsohon mai. Albashi daidai da na sauran, ba fifiko, kuma a wurin aiki babu Yaya, Alhaji ake cewa. Na ce ya je ya yi shawara da diflomarsa.

Washegari mai adaidaita ya kwashe yaran a kan idonsa. Kafin in buɗe shago na sami Ilu a tsaye a bakin ramin.

Motar kuwa ya sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, ni na yi masa cinikin don kada su cuce shi. A harabata aka yanka ta. Na sa shi ya kwance abubuwan da za su moru kafin su sa wuta, tunda ya fi kowa sanin inda kowane noti yake. Ya nemi in bar masa madubin gaba, wanda Baba yake rataya carbi, na bar masa.

Don haka ki kwantar da hankalinki, gidansa ana ɗora tukunya. Yana da hannu, ba laifi, sai dai mai yana zubo masa a fuska don bai iya kaucewa ba tukuna. Kuma ya gyaru ƙwarai. Yanzu ko ruwa zai sha sai ya fito daga ramin ya tsaya a gabana ya ce Alhaji in je? Jiya sai da ya nemi izini kafin ya amsa wayar matarsa. Wallahi har ya fara damuna da tambaya.

Ki gaishe da Malam Bappa. In za ki zo da babbar sallah ki sanar da ni da wuri, in aika mota ta ɗauko ki.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Alhaji Ashafa Salihu Shahuci