Hannuna Ya Kashe Soket

Gaya, daren Laraba

Kwamfutar ta tashi, amma ban yi farin ciki ba.

Ni da kaina na zaɓar wa kwamfutar tsarin aiki na gwaji, wanda masu shi ba su kammala ba, domin ina jin daɗin gano kurakuransu in sanar da su, kamar yadda nake yi wa malamai sa'ad da nake sufeton makarantu. Jiya da yamma na fara ɗora sabon gwajin a kan tsohon. Aikin yana tsaka aka kira Magariba. Tun ina saurayi ban taɓa fita na bar soket a kunne ba, sai hannuna ya kashe shi ban ko yi tunani ba, alhali batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa. Da na dawo, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Yau 'yata Bilkisu ta zo daga Kano. Ta yi ƙoƙarin mayar da kwamfutar kan tsohon tsarin, abin ya faskara. Ta ce abin da ke ciki ya hargitse, sai dai a goge komai a sake ɗorawa.

"Baba, hirar da ka ɗauka da Gwaggo a Kademi, ka kwafe ta a wani wuri?"

Na ce ban kwafe ba.

"Haba Baba, kai da ko allura ba ta ɓata a ɗakinka!"

Haka aka goge komai. A hirar nan Yaya Hauwa, gwaggon Bilkisu, ta jero mini kakanninmu, tana gyara mini sunayensu tana dariya. Da azumin bara ta rasu. Sunayen zan iya tuna mafi yawansu. Dariyar ce ban san inda zan samo ba.

Allah Ya jiƙanta.