Ragon Layya Babu Baba

Ranar Babbar Salla da dare, unguwar Yantala.

Barci ya ƙi zuwa. Yau ne karon farko da na gasa ragon layya babu Baba. Har da metir na awo na auna tazarar sandunan da aka soke ragon da wuta, don ina tsoron gobe a kai wa maƙwabta nama ɗanye a ciki.

Da la'asar Inna ta fito, ta kara hannu kusa da wutar, ta ce, "Matso da shi, Isufu. Babanka ma nesa yake kafawa. In ya tafi masallaci nake sa a gyara."

Mu kuwa a garin Tawa mun girma muna yabon gashin Baba.

Na sake tashi na latsa cinyar. Kamar ta gasu. Da asuba dai sai Inna ta duba kafin in sa wuƙa.