Masarar Unguwar Rabo

Kaduna, 4 ga Afrilu, 1978

Zuwa ga Safara'u,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Goggo mahaifiyata da dukan mutanen gida.

Bayan haka, ba a amince da takardarki ta neman canjin wurin aiki ba. An kammala kasafin kuɗin jiha, kuma ba a ware wa makarantar Unguwar Rabo sabon malami ba. In babu mai maye gurbinki, ba za a sake ki ba.

Kuɗin mai da ake aiko mana daga Legas ya ragu bana, jama'a kuwa ƙaruwa suke yi. Mako uku muka yi a ofishin tsare-tsare ana gardama tsakanin takin zamani da rijiyoyi da asibitoci da makarantu. A ƙarshe aka tsaya kan malami ɗaya ga yara arba'in. A takardunmu kuna da yara sittin da biyu da malamai biyu, ke da hedimasta Malam Nata'ala. A Ƙanƙara da Faskari akwai makarantun da suka fi ku kuka.

Ni na shirya jadawalin da hannuna. Da na zo layin garinmu na ajiye biro na ɗan lokaci, sannan na ci gaba.

Watanmu goma sha takwas da aure. Na duba, kwana hamsin da ɗaya muka yi a gari ɗaya. Rabona da ke tun Maulidi.

Ni ne mijinki,
Abdulƙarim Gide


Unguwar Rabo, ta Damari, 15 ga Afrilu

Malam,

Ina gaisuwa tare da girmamawa. Takardarka ta iso a motar Alhaji Mani, duk ta sha man gyaɗa.

Sittin da biyu? To, wataƙila sauran aljanu nake koyarwa. Ajina kaɗai ya wuce haka sau biyu. Ɗakin ya cika, baranda ta cika, saura suna gindin maɗaci. In na ce "A" a ciki, sai na fito na sake cewa a waje. Ba mu da takardar haihuwar kowa. Malam Nata'ala yakan ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunne, wanda ya kamo ya isa shiga. Yanzu iyaye har jan hannun yara suke yi a gida don ya yi tsawo.

Kai da ka yi aikin jarida, ba ka tambayi inda lissafin nan ya fito ba?

Goggo ta ce wai ka rame a hoton da ka aiko. Na ce mata mai girki ne babu. Ta ce to laifin gwamnati ne. Ban yi mata musu ba, ban dai gaya mata kai ne gwamnatin ba.

Sauran maganar ba ta takarda ba ce.

Taka,
Safara'u


Kaduna, 24 ga Afrilu

Zuwa ga Baba Barau, Mai Unguwa,

Gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, da fatan Allah ya ƙara girma.

Baba, na binciko tushen lissafin yaran makarantarmu. Jeri ne da aka karɓa daga masu unguwanni shekara uku da suka wuce, kafin a buɗe ilimi kyauta. Na garinmu yana ɗauke da sa hannunka cikin ajami. Kusan kowane gida yaro ɗaya aka rubuta.

Na san dalili. Ni kaina, bayan rasuwar mahaifina, a cikin rumbu ka ɓoye ni ranar da masu ɗaukar 'yan boko suka zo, atishawa ce ta tona ni. Amma yanzu da wannan jeri ake raba malamai da benci da alli, kuma ba a canza shi sai da shaidar mai unguwa. Ina roƙon ka aiko da adadi na gaskiya ta hannun Hakimi. In ya tabbata za a ƙara malamai, iyalina kuma ta samu tahowa.

A gafarce ni in na wuce gona da iri.

Ɗanka,
Abdulƙarim


Unguwar Rabo, 6 ga Mayu

Daga Mai Unguwa Barau, da alƙalamin Malam Nata'ala, zuwa ga ɗana Audu. Aminci da yarda.

Na ji maganarka. Atishawar nan ita ta kai ka Kaduna, to ka gode mata.

Ba ƙarya na yi ba, abin da muka gada na yi. Zamanin Turawa in aka ce a kawo yara, kowane gida ɗaya yake bayarwa a huta. Wa ya san za a wayi gari mutane na faɗa a kan boko? Tun da ka zo da mota, kowa ya kwance nashi ya kawo.

Sa'annan kai ma ka sani, ba a tambayar mutum ɗiyanshi nawa. Ba tumaki ba ne. In ka matsa mashi ya ce maka alhamdu lillahi. Ni da bakina ba ni bin gida gida ina ƙirga ɗiyan mutane, ranar da ƙyanda ta ɗauki ɗaya a ce bakina ne.

Ga abin da zan iya. Ran Juma'a za a aje ƙwarya rufe da faifai a zaurena. Kowane magidanci ya sa hannu ya saki ƙwayar masara ɗaya kan kowane ɗa nashi, ja ga wanda ya isa makaranta, fara ga na ƙasa da shi. Ba wanda ya faɗi, ba wanda ya ji. Matarka ta ƙirga masara, ni in sa hannu. In Hakimi ya yi mani faɗa kan jerin farko, na ɗauka.

Wassalam.


Unguwar Rabo, 14 ga Mayu

Malam,

Ina gaisuwa. An yi ruwan shuka ranar Talata.

Na ƙirga sau uku a faifan Goggo. Ja ɗari biyu da tamanin da bakwai. Fara ɗari uku da arba'in. Na ƙulle su daban daban, Alhaji Mani zai ba ka tare da takardar Baba.

Da na gama na yi lissafin da ka koya mini. Malamai bakwai muke buƙata, mu biyu ne. Ko an ba mu uku bana, da wane ido zan ce a sake ni? Farar masarar ma tana tafe. Na zauna ina kallon faifan har Goggo ta ce ko tsakuwa na gani a ciki. Da ban ƙirga daidai ba, da wataƙila na fi kusa da Kaduna.

Na ɗauki fara guda zan saka ta gidanmu, Goggo ta riƙe mini hannu. Ta ce ba a ƙirga baƙon da bai sauka ba. Sai da kaka, in Allah ya yarda. Ita ce maganar da na so in faɗa maka da baki.

Taka,
Safara'u


Kaduna, 29 ga Mayu

Safara'u,

Allah ya raba lafiya. Na karanta ƙarshen takardarki a tsaye a bakin tasha, na koma farko.

Na kai masarar gaban shugabanmu. Ya yi dariya, da ya karanta takardar Baba ya daina. Ya tambaya ƙauyuka nawa ne haka. Na ce ban sani ba, kuma babu wanda ya sani. An ba ku malamai biyu daga kuɗin ko-ta-kwana. Maganar canjinki an rufe ta.

Za a tura jami'i ɗaya ya zauna Funtuwa, nan kusa da ku, ya sake ƙidayar makarantun Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Matsayin ƙasa yake da nawa. Na nema. Sunana kaɗai ke cikin fayil ɗin, yana kan teburin babban sakatare tun ranar Alhamis. Bai sa hannu ba tukuna.

Ki gaida Goggo.

Abdulƙarim