Awarwaron Hadiza

Kakuri, Laraba da dare, Nuwamba 1979

Hadiza ta dawo bayan magariba, idanu jajir. Tun daga ƙofa na fara faɗa, sai ta ce, "Mama, don Allah ki bari. Bututuna ya karye."

Bututun gilashin nan ne siriri kamar zare, wanda suke ja da inji a ɗakin gwajin da take aiki, su naɗe kamar gammo, su shafe cikinsa da sinadari don tantance abin da ke cikin mai. Ta daɗe tana lallaɓa shi. Yau tana ɗauka, awarwaronta ya doke shi. Ogansu ya ce in na gaba ya lalace, ba zai tabbatar da ita a aikin ba.

Na ce mata kuka ba zai dawo da shi ba, ta tashi ta yi sallah. Amma ni ce na hana ta cire awarwaron, na ce 'yar mutunci ba ta fita hannu tsirara.

Na sa allura na cire mata tsinin gilashi daga yatsa. Awarwaron kuwa na zare mata, yana cikin akwatina. Gobe duk mai surutu ya zo ya same ni.