Kindirmon Baba Ya Koma Baƙi

Sabon Layi, Mubi

Innata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya jikin Baba? Ya damina a Bahuli?

Inna, raina a ɓace nake rubuto miki. Jiya Malam Zira ya koya mana abubuwan da aka gina duk mai rai da su: sitaci da suga, furotin, maiƙo, da sinadarin gado mai sa ɗa ya ɗauko kamannin ubansa. Ya ce kowa ya kawo abinci a gwada. Ni da rawar kaina na kai kindirmon da kika ɗebar min cikin na Baba, wanda Goggo Hansai ke kawo masa, ina cika baki wai babu irinsa a Mubi.

Aka ɗiga masa aidin, ruwan maganin da ke mai da sitaci baƙi. Nono zalla ba ya baƙi. Namu kuwa nan take ya koma kamar tawada. Sitaci ne, Inna, garin rogo aka dama a ciki!

Likita ya hana Baba rogo saboda ciwon suga, ashe kullum da safe shi yake sha, muna ta mamakin gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa. Goggo ƙanwarsa ce fa, ciki ɗaya! Tir da wannan hali. Kada ki ƙara karɓar nononta.

'Yarki,
Hapsatu

Innata,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Baba, amsarki ta iso. Da ma ban buɗe ba.

Ashe nonon Goggo ba shi da laifi. Ke ce ke zuba garin rogo a madafi, don kin ga Baba ya rame kuma ganye ba ya riƙe masa ciki. Ni kuwa na riga na tare Goggo a kasuwa na wanke ta tas a gaban masu sayen nononta. Yanzu ƙyamar bakina nake ji.

Na san tausayi ne ya sa ki. Amma kina wurin sa'ad da likita ya ce in gyambon nan bai kame ba, yanke ƙafar za a yi. Ki ba shi wake, ƙwai da kifi, suna ƙosarwa.

Asabar ina tafe. Gidan Goggo zan fara durƙusawa, sannan in iso gida da kwalbar aidin a jaka. Ban taɓa zaton ƙwaryar uwata zan gwada ba.

Ki gaida Baba.

'Yarki mai ƙaunarki duk da haka,
Hapsatu