Motar Baba Ba Ta da Ƙofar Baya

Torino, Italiya
Maris, 1976

Yaya Illo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan Inna da mutanen gida suna lafiya. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, karatu na tafiya, barci ne kawai ya ƙi mini.

Yaya, motar da ka sa in saya wa Baba don zuwa Juma'a tana cikin jirgin ruwa, amma ba Fijo ba ce kamar yadda munka yi. Wani tsoho ya nuna mini tasa, ja, ƙirar ƙasar nan, irin ta doguwar tafiya. Yana tada injin na manta da komai, na saye ta.

Sai da anka gama takardun jirgi na gane wautata, ranar da na ɗauki wani dattijo ɗan Maroko zuwa masallaci. Ƙofa biyu gare ta. Na kife kujerar gaba, ya shiga baya da rarrafe, rawaninsa ya faɗi ƙasa.

Ka san Baba ba ya zama kusa da direba. Ga shi ƙanwarmu Atika ta rubuto cewa Baba ya riga ya sanar da duk Unguwar Rogo zuwan motar.

Don Allah in ta iso, ka aje ta Sabon Gari wurin Lawali bakanike. Mutumin da bai taɓa duƙa wa kowa ba sai Allah, ba ni zan sa shi rarrafe a ƙofar gidansa ba.

Ka gai da Inna, amma kada ka karanta mata wagga wasiƙa.

Ƙaninka,
Mode